Ranar da Na Ari Maza Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi aron maza ba, kuma ko na so in manta, akwai wani ɗan kabu-kabu a tashar Tasawa da ya ɗauki nauyin tuna mini. Maza bakwai cif na aro daga kasuwa, kamar mai aron tabarmi ranar suna. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Shekarar da damina ta yi gardama ce, hatsi ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, sannan sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ni kuwa a lokacin ban daɗe da gama koleji ba, 'yar Tasawa ce mai ji da kanta, ina tafe ina jefa Faransanci ko ba a tambaye ni ba. Sai wani proje, wato shirin tallafi, ya ɗauke ni aiki, aka kai mu Maraɗi formasiyo, horo na kwana goma. Aikin shi ne a tara mata masu ciki da masu jego a koya musu yadda za su rage damuwa da fargaba. Aka ba kowace littafi mai zama shida, da wata takarda mai akwatuna da ake cikewa bayan kowane zama: an yi abu kaza, ko ba a yi ba. Mai koyar da mu ya ɗaga littafin sama ya ce mu ɗauke shi kamar maganin likita, ba a ragewa, ba a ƙarawa. Na fi kowa gyaɗa kai. (Ni ce ma na miƙe na maimaita maganar da Faransanci, aka tafa mini.)

Aka tura ni wani ƙauye a gefen Maijirgi. Ba zan faɗi sunansa ba, sun riga sun sha dariyata ta ishe su. Can na haɗu da Iya Dije, tsohuwar ungozomar garin, wadda ita ke tattaro mini matan a rumfar da ke bayan likita, wato ɗan asibitin garin. Tun ranar farko ta dube ni daga ɗankwali har takalmi, ta ce, "Sannu da zuwa, ɗiyata," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Littafin bai yi sati biyu a garin ba ya fara shan wuya. A zama na uku an rubuta cewa mata su rufe ido, su ja numfashi, su kawo a ransu suna zaune bakin kogi mai sanyi. Na karanta da muryar 'yan rediyo. Sai Iya Dije ta ce mini, "Madam, mu hwa in mun ruhe ido, layin rijiya muke gani." Matan suka fashe da dariya, wata har da riƙe ciki. Daga ranar na daina kai su kogi. Amma da na zo cike takarda, sai hannuna ya tafi akwatin "an yi" da kansa. Wa zai sani?

Babbar matsalar ita ce zama na biyar, zaman da ake yi tare da mazaje. Littafi ya ce kowace mace ta zo da maigidanta, su zauna gefe da gefe, a yi magana kan yadda zai rage mata wahala. To, ina mazan? Tun da aka ga rumbuna ba za su cika ba, duk mai ƙarfi a garin ya ɗaura jaka ya tafi ci-rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu ma ba a san inda suka nufa ba. Damuwar matan ke nan gaba ɗaya: ga ciki, ga rumbu wayam, ga miji ba labari. Don haka ranar zama na biyar abin da nake yi shi ne in kwashe su mu hau wani tudu a gabashin gari inda rezo, wato layin waya, ke kamawa, in ba su salulata, kowace ta kira lambar da mijinta ya bar mata. Wadda ta samu ta yi murna, wadda ba ta samu ba mu zauna da ita a kan yashi har kukan ya wuce. In mun sauko sai in buɗe takarda, wurin da aka ce "mazan da suka halarta", in rubuta duka sun zo. Rukuni biyu na yi haka, ko gezau.

Ana nan sai shugabanmu na Tasawa ya kira ni, murya cike da fara'a. Ya ce tun da sojoji suka hau, masu tallafa wa proje sun fara ja da baya, za a rufe rabin garuruwan da muke aiki. Wata Madam za ta zo daga Yamai ta ga yadda ake bin littafi, kuma abin da ta rubuta shi zai raba gardama. "Ke ba ki da matsala," in ji shi. "Garinki ne kaɗai maza ke zuwa duka. Shi ya sa muka zaɓa mata zama na biyar a wurinki, ran Alhamis." Na yi masa godiya, marsi har sau uku. Da na kashe waya sai na zauna na fara lissafi.

Abin da ke gabana a fili yake. In Madam ta zo ta tarar da rumfa ba namiji, aikina ya tafi, garin kuma a rufe shi, ba sauran zama, ba sauran hawa tudu. Rukunin da nake da shi mata tara ne. Na ƙirga mazajensu da ke gari na samu biyu, ɗaya ma ciwon ƙafa ne ya hana shi tafiya.

Na kai wa Iya Dije kukana. Ta ce, "Ki gaya mata gaskiya mana. Ke kika kore su?" Na ce Iya ba ta san aikin proje ba. Na faɗa mata dabarar da na yanke: zan samo maza bakwai su zauna su cika wuri, shi ke nan. Sai ta ce, "To in kin nace, bari ni in zaɓo miki su. Garin ga kowa ɗan uwan kowa ne." Ni kuma, mai koleji, na ga kamar tsohuwa za ta tona ni a gari, na ce ta bar shi, zan iya. (In akwai wurin da ya kamata a mare ni a labarin nan, to nan ne.)

Ran Laraba na hau amalanken jaki zuwa kasuwar wani gari da ke kusa. Na yi ta zagaye ina duba fuskokin maza kamar mai neman rago. Na samu masu amalanke uku, 'yan kabu-kabu biyu, wani mai gyaran rediyo, da wani dattijo mai sayar da igiya da ake kira Baba Nomau, mutum mai natsuwa da farin gemu. Na ce musu proje na son mutanen kirki su zo su zauna a taro gobe da hantsi, ba magana za su yi ba, akwai shayi da burodi. Ban ce musu miji za su zama ba. Ban tambayi ko wane gari suke ba. Matan kuwa na ce musu wasan kwaikwayo ne za mu yi wa baƙuwa, kowace ta yi shiru ta bi ni.

Cikin matan akwai Rabi, mai cikin fari, wata bakwai. Ita ce ta fi kowa damuwa, ba ta barci, ba ta cin kirki, kuma duk da na sha kai ta tudu tun kafin zama na biyar, lambar mijinta ba ta taɓa shiga ba. Saboda ita ma na fi jin tsoron a rufe garin, don a rumfar nan kaɗai take buɗe baki.

Alhamis ta zo. Ni na shirya maza su riga baƙuwa isowa in rarraba su a tsanake, sai ga farar mota tun kafin in gama shimfiɗa tabarmi. Madam ta fito, doguwa, da tabarau, ta gaishe ni da Faransanci mai santsi irin wanda ya sa nawa ya koma gida. Ta zauna kan kujera, ta ɗora takardar akwatuna a cinya, ta cire agogo ta ajiye a gefe. Ko kalmar Hausa ɗaya ba ta yi ba, har Iya Dije ma kai kawai ta sunkuyar mata. Na ce a raina, alhamdu lillahi, Bazabarma ce, ba ta jin komai.

Can sai ga mazana sun shigo a tare, suna waige-waigen inda shayi yake. Ba lokacin ɓoye-ɓoye. Tun da baƙuwa ba ta jin Hausa, na saki murya ina murmushi kamar mai yi musu maraba:

"Kai mai jar hula, yau kai ne mijin wannan. Kai, taka ga ta can mai goyo. Ku zauna kusa da su, kada wanda ya buɗe baki, in an tashi akwai burodi."

Maza suka tsaya suna kallon juna, amma ganin mota da baƙuwa mai tabarau sai kowa ya lallaɓa ya zauna can bakin tabarma. Madam na ta duba takardunta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Saura Baba Nomau, saura Rabi. Na kama hannun rigarsa na ja shi. Ya ce, "Madam, ai wagga..." Na ce, "Baba, sai an gama." Iya Dije ta yi wani tari mai ƙarfi, na harare ta.

Rabi na ganinsa ta zame takalmanta, ta durƙusa da tsohon cikinta, ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta juya wa dattijon gefe. Shi kuma ya zauna a ƙarshen tabarma, rabinsa a kan yashi, ya kafa wa ƙasa ido. Ni ko, maimakon in gane, sai na juya wurin Madam na ce mata da Faransanci, cike da alfahari, ta ga yadda matan ƙauye ke girmama mazajensu. Ta ce, "Ah bon," ta rubuta wani abu.

Muka fara. Gaisuwa ta tafi daidai. Jan numfashi ma ya tafi daidai, in ban da mai jar hula, ɗan kabu-kabu, da ya ɗauki abin da zafi yana huci kamar zuga-zugin maƙeri. Ina ta duban agogon Madam ina bin layi bayan layi, ban taɓa yi wa littafin nan biyayya irin ta ranar ba. Har na fara jin daɗin kaina. Sai muka iso shafin da ke cewa kowane maigida ya dubi matarsa, ya kira sunanta, ya faɗa mata aiki ɗaya da zai ɗauke mata kafin ta haihu. Na lashi yatsa na haɗa shafi biyu zan wuce. Madam ta ƙwanƙwasa bik ɗin da take rubutu da shi a kan takardarta, ta ce na tsallake shafi.

Na dawo. Na fara da mazan gaskiya guda biyu. Na farko ya yi gunaguni ya ce zai riƙa ɗebo ruwa, mai ciwon ƙafa ya ce shi ma in ya warke. Na ce madalla, na rufe shafi da sauri. Madam ta ɗaga bik ta nuna Baba Nomau, ta ce tana son jin dattijon can.

Ba yadda zan yi. Na ce, "Maigida, dubi matarka ka kira sunanta."

Baba Nomau bai dube ta ba. Ya cire hularsa, ya juya ta a hannu, ya mayar. Sannan ya yi magana a hankali, yadda kowa ya ji:

"Madam, tun ɗazu nike son in gaya miki, kin hana. Wagga matar ɗana ce. Ni ban taɓa zama tabarma guda da ita ba, ban taɓa kiran sunanta ba, yau ma ba ni kira."

Surukinta! Cikin duk mazan kasuwar, uban mijinta na je na zaɓo na zaunar mata a matsayin miji. Mutumin da in ta hango shi a hanya sai ta sauka gefe ta durƙusa. Na buɗe baki, Hausa ta ƙi zuwa, Faransanci ma ya ƙi.

Dattijon bai gama ba. Ya ce, "Ɗana ya tahi tun da hatsi ya ƙone, wata huɗu ke nan ba mu ji ɗuriyarshi ba. Yarinyar ga ba ta kwana, muna jin motsinta. In takardarku tana da wurin rubuta wanga, a rubuta."

Rabi ta miƙe ta fita da sauri iyakar yadda mai ciki wata bakwai za ta iya, ta bar takalmanta a wurin. Wata mai goyo ta toshe baki da zane, kafaɗunta na rawa. Sai mai jar hula ya ɗaga hannu kamar ɗan lakwal a cikin aji ya ce, "Madam, ni ma tawa ban san sunanta ba. A ba mu shayin mu tahi?" Nan rumfa ta ɓarke. Har mai ciwon ƙafa dariya yake yana dukan tabarma.

Ina tsaye da littafi a hannu ina addu'ar Allah Ya sa baƙuwa ba ta fahimci komai ba, ina ma shirya ƙaryar da zan fassara mata. Sai na ga ta cire tabarau, ta tashi daga kujera, ta je gaban Baba Nomau ta rage tsawo, ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, an ɓata muku. Ina gajiya? Yaya iyali?" Da Hausa. Hausa tsantsa, irin ta Mayahi, wadda ta fi tawa gishiri. Ashe 'yar Gidan Amumune ce, aiki ne ya kai ta Yamai. Duk rabon mazan da na yi, da "yau kai ne mijin wannan", da maganar burodi, a kunnenta aka yi.

Bayan an sallami mazana (sun sha shayinsu, ba wanda ya yafe), ta kira ni gindin wata bishiya. Na zaci zagi za ta yi, da ma ta yi ɗin da ya fi mini sauƙi. Sai ta ciro takarduna na baya ta shimfiɗa a cinya ta ce:

"Ƙanwata, kin san abin da takardun nan suka yi? Akwai wata abokiyar aikinki a wajen Baudeta, ita kullum gaskiya take rubutowa, maza ba su zo ba, maza ba su zo ba. Ta roƙi a sake wa zama na biyar tsari. A biro, can ofishinmu, aka ce mata ragguwa ce, ga wata can gefen Maijirgi tana tara maza duka. Har takardar gargaɗi aka ba ta, saboda ke."

Wannan ta fi ta Baba Nomau zafi. Ni a tunanina ƙaryata ni kaɗai ta shafa, ashe wata baiwar Allah ce ke shan faɗa a madadina, kuma littafin da nake ƙorafi a kansa ni ce na hana a gyara shi. Na yi kuka a gindin bishiyar nan, kukan kunya, mai majina.

Da na lafa ta tambaye ni, to in ba maza, me nake yi da matan ranar zama na biyar? Na faɗa mata a tsorace. Ta ce in kai ta. Muka hau tudun, ita da takalmanta masu tsini suna nutsewa cikin yashi, matan na biye da mu, Iya Dije na bayanmu tana cewa, "Da kin ji tawa." Madam ta ba da tata salular aka yi kira da biyu. Ta zauna ta ga wadda ta samu mijinta da wadda ba ta samu ba, ta cika shafi guda da rubutu. Da muka sauko ta ba ni sababbin takardu ta ce in sake cike na baya duka, a gabanta, yadda aka yi.

An ba ni takardar gargaɗi, kuma a taron da ya biyo baya a Maraɗi aka sa na miƙe gaban abokan aiki na ba da labarin da bakina. 'Yar Baudeta tana layin gaba. Ta gyara zama don ta ji da kyau. Garin ba a rufe shi ba, kuma daga baya aka yarda inda miji ba ya nan mace ta zo da wanda ta zaɓa, ko uwa, ko 'yar'uwa, a kuma rubuta hakan.

Amma Rabi ba ta sake taka rumfar ba. Na kai mata takalmanta har gida, ta ƙi fitowa, sai ta bayan zana ta ce in ajiye. Yarinyar da na ce don ita nake yin dabarar, ni na kore ta daga wurin da take samun sauƙi, kuma wannan har yau yana ci mini rai. Iya Dije ce ta riƙa zuwa wurinta da yamma tana koya mata jan numfashin, ba kogi, ba littafi. Baba Nomau kuwa kowace Alhamis sai ya zo ya same ni, ya ciro lambar ɗansa daga cikin hula, mu hau tudu ni da shi, ba mai kallon wani. A hawa na biyar wayar ta shiga. Shi ya kai wa Rabi labari, ta bakin matarsa, kamar yadda ya dace.

Tun daga lokacin, in abu ba a yi shi ba, ina rubuta "ba a yi ba" da manyan baƙaƙe, in ƙara dalili a ƙasa ko ba a bar wuri ba. Kuma ba na zaunar da namiji kusa da mace, ko a motar haya ce, sai na tambayi yadda suke. Shekaru sun wuce, na yi aure na haifi nawa, amma duk ranar da na bi ta tashar Tasawa, mai jar hula (yanzu gemunsa ya fara fari) sai ya taso da moto ya tsaya gabana, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji: "Madam, yau ba a neman miji?"